Ajiyar Benilde

Valcerezo, 14 ga Satumba, 1970

Zuwa ga ɗan'uwana Eutimio,

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Rosaura da yara, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya. Yaya Jamus, yaya aikin masana'anta? Na ji an ce ƙafarka tana damunka idan sanyi ya shigo, Allah ya kawo sauƙi. Sagrario ce, 'yar ƙanwar mahaifiyarka. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san aji uku na yi aka cire ni aka kai ni tsinkar zaitun, ga ido ya fara tsufa.

Na san telegiram ɗin Nieves ya same ka, don haka ba daga bakina za ka fara ji ba. Benilde ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan wata biyar tana fama da ciwon ciki. Ina zaune kusa da ita. Ba ta sha wuya a ƙarshe ba, likita ya yi mata allura. Ƙanwarka ce uwa ɗaya uba ɗaya, ni kuwa 'yar'uwa ce ta wajen uwa kawai, amma tare muka yi wayo, kwano ɗaya muka ci. Yau kwana shida, har yanzu nakan gasa burodi in ware nata kafin in tuna. Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙuri.

'Yarta Nieves ta yi ƙoƙari ƙwarai. Shekararta ashirin yanzu, rabonka da ita tun tana koyon tafiya. Goshinka ne da ita, da taurin kanka.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwana uku kafin ta cika, Benilde ta ce mana, ni da Nieves, "Sau ɗaya aka mayar da ni wurin mutanen nan, ya isa haka. Ku kai ni wurin Mama da Baba." Kabarinku na gado take nufi, wanda ke gefen gabas kusa da famfo.

Ranar jana'iza ashe Doña Casilda, yayar mijinta Fulgencio, ta riga ta sa an buɗe babban kabarin gidansu mai marmara. Da aka shigo da akwatin ta ɗaga sandarta tana nuna wa masu ɗauka hanya. Sai Nieves ta sha gabansu ta ce, "Goggo, ba can za ta ba." Casilda ta ce, "Ke yarinya, matar aure a wajen mijinta take kwana, da rai ko ba rai. Me kike so mutane su ce?" Nieves ta ce, "Su ce abin da suka saba cewa. Shekara ashirin suna jin ihunta ta taga, me suka ce?" Fulgencio yana tsaye da hula a hannu yana kallon takalminsa. Fada, limamin cocinmu, ya ga za a yi abin kunya a gaban gawa, sai ya ce a sa ta a ɗaya daga ramukan bango na hukumar gari da ake zura akwatin gawa a ciki, na wucin gadi, zuwa ƙarshen Oktoba. In an kawo takarda daga mai kabarin gidanku a kai ta can. In ba a kawo ba, Casilda ta ɗauka.

Mai kabarin kai ne, sunanka ne a littafin hukuma tun rasuwar mahaifinku. Fulgencio ya riga ya sa hannu, ya ce shi ba ruwansa, a kai ta ko'ina muddin ba a tashe shi daga kujerarsa ta gidan giya ba. Saura naka. Magatakarda ya ce layi biyu sun isa, ka sa hannu a ofishin jakadancinmu da ke can su buga hatimi.

Na san shekara goma sha bakwai ba ka rubuta mata ba, na kuma san dalili. Ban ce ka manta ba. Layi biyun kawai nake roƙo.

An fara yankan inabi, bana ya yi albarka. Ka gaishe mini da Rosaura, ka shafa mini kan yara.

Taka 'yar'uwa,
Sagrario

Valcerezo, 2 ga Oktoba, 1970

Ɗan'uwana Eutimio,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali. Mu nan muna nan, sai kewa.

Takardarka ta zo jiya. A tsaye na karanta ta a bakin ƙofa, ba ta kai tsawon da mutum zai nemi kujera ba. Ka ce wadda ta koma da ƙafarta ta kwanta inda ta koma. Ka ce ka rabu da alfadarinka don ka samar mata lauya, ita kuwa ta zauna ta bar wa'adi ya wuce don ba ta iya rabuwa da mai dukanta.

Eutimio, kana Bilbao a lokacin, wurin aikin jirgin ruwa. Ta wasiƙa ka yi komai, ba ka ga komai da idonka ba. Ni na gani. Bari in faɗa maka, ka karanta ko da a tsaye ne.

Ka tuna abin da ya kawo maganar, Fulgencio ya buge ta da ƙarfen garma a gefen kai, kunnenta na hagu bai sake ji ba. Ranar ashirin ga Mayu, 1953, alƙali ya zo daga babban gari da magatakardansa a mota baƙa. Duk unguwa aka fito, har masu tuya suka bar kasko a wuta. Ya sa Fulgencio ya fita tsakar gida, ya tambayi Benilde ko har yanzu tana kan bakanta na neman a raba musu zama. Ta ce tana kai. Ya ce to, za a ajiye ta a wani gida kafin kotun bishop, wato ta coci, ta duba maganar. Kalmar da ya faɗa ke nan, ita ce kuma a takardar: ajiya.

Benilde ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce zan fita? Gidan ubana ne. A ɗakin can aka haife ni. Shi da akwati ɗaya ya shigo." Alƙalin dattijo ne, ba mugu ba. Ya cire tabarau ya ce, "A doka sunansa gidan miji, 'yata. Ba ni na rubuta ba." Gidan da ka tashi a ciki, Eutimio, mai itacen ɓaure da ka faɗo daga kai.

Aka tambayi wa zai riƙe ajiyar. Fulgencio ya ce Casilda, Benilde ta ce ni. Alƙali ya dube ni ya ce, "Ina mijinki?" Na ce Ceferino ya rasu shekara huɗu. Ya ce, "Madalla, ba ki buƙatar izinin kowa ke nan." Sai ya ji abin da ya faɗa ya ce Allah ya ji ƙansa. Ranar na fara sanin da Ceferino yana raye, sai ya sa hannu kafin in karɓi 'yar'uwata a ɗakina.

Abin da doka ta ba ta ta fita da shi gado ne da kayan sawa na yau da kullum. Magatakarda yana rubutawa ana fito da su: gado ɗaya, katifa, bargo biyu, riga uku, takalmi. Ta kama keken ɗinkin mahaifiyarku, Fulgencio ya dafa shi yana dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ma riga ce? In riga ce ta sa mu gani." Aka bar keken. Nieves an bar mata ita don ba ta cika shekara uku ba, amma alƙali ya faɗa a fili, ranar da ta cika, biyar ga Agusta, uba ne zai riƙe ta har a gama shari'a. Ya kuma ce wata ɗaya aka ba ta. A cikin watan sai ta kawo masa shaida daga kotun bishop cewa an karɓi ƙararta. In ba ta kawo ba ajiya ta warware, a mayar da ita gidan miji.

Na sa hannu a ƙarƙashin inda aka rubuta cewa na karɓa. Da muka shiga gidana muka rufe ƙofa, Benilde ta ɗaga hannuwa ta juya a tsakar ɗaki ta ce, "Duba ni da kyau, Sagra, kada ran mayarwa a ce ke kika tsaga ni." Muka yi ta dariya har muka koma kuka.

Watan nan ban taɓa ganinta haka ba tun muna 'yan mata. Kwana uku na farko barci kawai ta yi. Daga nan ta fara cin abinci, kumatu suka dawo. Tana ɓare wake tana waƙa, Nieves tana bin kaji a tsakar gida. Ba ta fita sai coci da safe, ni a gaba ita a baya, don an ce wadda aka ajiye in aka gan ta a kasuwa maganar tana iya kaiwa kunnen alƙali. Ni ke zuwa wanki, ni ke jin bakin mata. Wata ta ce, "Sagra, ina da buhun alkama biyu, ko akwai sauran wuri a sitonki?" Wata ta ce, "Ki dinga juya ta fa kada ƙwari su shiga." Ina dawowa in faɗa mata, ta ce in ce musu sito ya cika, sai su jira nasu alƙalin.

Ta zuba ƙwayar wake talatin a kofi ta ɗora a taga, kullum da safe ta cire ɗaya. Lauyanka ya je birni ya shigar da ƙarar, ya aiko mana cewa shaidar za ta zo ta gidan waya, mu kai wa alƙali da hannunmu. Tun daga nan in ta ji ƙararrawar keken mai kawo wasiƙa sai ta bar abin da take yi ta tsaya a bayan labule. Ba ta fita ƙofa, ni ke fita.

Ranar da wake ya ƙare shaidar ba ta isa hannun alƙali ba. Washegari magatakarda ya zo da 'yan sanda biyu da amalanke. Ya karanta cewa ajiya ta warware. Benilde ta roƙe shi kwana uku, ta durƙusa ta kama masa wando, ita da ba ta taɓa durƙusa wa Fulgencio ba. Ya ce ba a hannunsa yake ba. Aka ɗora gadon a amalanke aka ratsa dandali da shi da rana tsaka, tana biye da yarinya a kafaɗa, ɗan sanda a kowane gefe. Fulgencio yana jingine a bakin ƙofa ya ce, "Sannu da zuwa, uwargida. Yaya hutu?" Ni kuma aka ba ni wata takarda na sa hannu cewa na miƙa ta yadda na karɓa.

Wannan shi ne komawa da ƙafarta da kake faɗa. Mayar da ita aka yi.

Akwai sauran magana, amma hannuna ya gaji. Saura kwana ashirin da tara. Don Allah ka sake tunani.

Ina gaida Rosaura.

Taka,
Sagrario

Valcerezo, 6 ga Oktoba, 1970

Eutimio,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ban jira amsarka ba. Takardar da na aika maka ranar Juma'a babu ƙarya a cikinta, amma hannuna bai gaji ba. Tsoro na ji. Na so in samu sa hannunka ba tare da na faɗi wannan ba, kuma tun da na jefa ta a akwatin gidan waya abinci ya ƙi shiga.

Shaidar ta zo. Lauyanka bai yi maka ƙarya ba. Ta zo ranar sha shida ga Yuni, saura ƙwayar wake huɗu a kofi. Ni na karɓa a ƙofa. Benilde tana bayan gida tana yi wa Nieves wanka, kunnenta mai ji yana wajen ruwa, ba ta ji ƙararrawa ba. Na ga hatimin bishop a bayan ambulan. Na sa ta a aljihun gaba na shiga. Ta leƙo da kumfa a hannu ta ce, "Kamar na ji ƙofa. Ya zo?" Na ce, "Mai man zaitun ne." Da ta koma, na sauke hoton Ceferino daga bango na zura takardar a bayansa na mayar.

Za ka tambayi dalili. Zan faɗa maka, ba don ya wanke ni ba.

Ka tuna 'yata Amparo. A lokacin shekararta goma sha tara, tana zaune wurin kakarta, Ramiro ɗan Casilda yana nemanta, har an sa bikin a Satumba. Yarinyar tana sonsa kamar ranta. Lahadin da ta gabaci zuwan takardar, Casilda ta tare ni a ƙofar coci, ta kama hannuna a gaban mutane kamar mai gaisuwa. Ta ce, "Sagrario, yaya baƙuwarki? Ina son Amparo, yarinya ce mai kunya. Amma gidanmu bai taɓa ɗauko amarya daga sito ba. In ƙanena ya tsaya gaban kotun bishop, ki nema wa 'yarki wani." Ta saki hannuna ta ce in gaida gida.

Na dawo ina gaya wa kaina abubuwa. Na ce ai ran biyar ga Agusta za a raba Benilde da 'yarta, shari'ar bishop kuwa takan ɗauki shekaru, gara uwa tana kusa da ɗiyarta. Na ce Fulgencio ya ga alƙali a tsakar gidansa, ya ji tsoro, ba zai sake ba. Na ce aure abu ne na Allah. Amma Benilde ta riga ta auna maganar Nieves, ta yi kukanta ta gama, ta ce mini gara yarinyar ta tashi da uwa mai rai a wani gida. Ita ce mai zaɓin, kuma ta zaɓa. Ni ban da Amparo ba abin da ke raina. Duk sauran daga baya na ɗinka su.

Kwana huɗu tana tambayata ina cewa bai zo ba. Ranar ƙarshe ta ce in je gidan waya in duba ko ta maƙale. Na ɗaura gyale na fita, na zaga bayan coci na zauna a kan dutse kamar na awa ɗaya, na dawo na ce babu. Ta rungume ni ta ce, "Kin sha wahala da ni, Sagra."

Fulgencio bai ji tsoro ba. Kafin Kirsimeti ya cire mata haƙora biyu. Sauran ba sai na lissafa maka ba, shekara goma sha bakwai ne. Bayan shekara biyar muka ji a rediyo an canja dokar, an daina ajiye mata, an daina cewa gidan miji. Muna gyaran tumatir a lokacin. Ta juya kunnenta na dama wajen rediyon ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Madalla da masu zuwa," ta ci gaba da yanka. Ba ta sake gwadawa ba. Nieves ta kai takwas, kai ka daina rubutu, wa zai tsaya mata? Ni?

Amparo ta yi aurenta a Satumba. 'Ya'yanta huɗu, Ramiro bai taɓa ɗaga mata murya ba. Wannan ne ya fi ci mini rai, auren ya yi kyau. Duk jikan da na ɗauka na san da me na saye shi. Na taɓa faɗa wa tsohon Fada a ɗakin ikirari, ya ce, "Aure kika ceta, 'yata," ya ba ni addu'a uku in yi. Na fito na fi jin datti a jikina.

Saura abu ɗaya. Mako biyu kafin ta rasu, da la'asar, Nieves ta tafi kantin magani, ina shafa mata mai a ƙafa. Ba tare da ta buɗe ido ba ta ce, "Sagra, na san takardar ta zo." Hannuna ya tsaya. Ta ce, "Ci gaba mana, akwai daɗi." Ta ce wasiƙarka ta ƙarshe, wadda ka zage ta a ciki, ta zo tun watan Yuli na shekarar, kuma a ciki ka rubuta ranar da lauya ya aika da adireshin da ya sa. Ta ce, "Mutum biyu ne a gidan masu iya buɗe ƙofa, ɗaya kuma an hana ta."

Tun Yuli, Eutimio. A Agusta ita ta ɗinka wa Amparo rigar aure a keken mahaifiyarku, ta durƙusa da allurai a baki tana daidaita mata gindin riga, ina tsaye ina riƙe da madubi.

Na ce me ya sa ba ta faɗa maka ba, ta bari ka tsane ta. Ta ce, "Kin san Timio. Da ya zo ya ƙona miki gida, a ɗaure shi. Kuma ke kaɗai gare ni a garin nan. In na rasa shi na rasa mai wasiƙa, in na rasa ki wa zai buɗe mini ƙofa in na gudo da yarinya?" Na faɗi a gefen gadon ina neman gafara. Ta dafa kaina ta ce, "Shekara biyu ina ƙin ganinki, ina gaishe ki ina ƙinki. Daga baya na gaji. Tashi ki gama mini ɗaya ƙafar."

Ba ta ce in faɗa maka ba, ba ta ce kada in faɗa ba. Ta tafi ta bar ni da shi.

Takardar tana nan inda na sa ta. Ban sa maka ita a ambulan nan ba don ta Nieves ce, gobe zan kai mata da hannuna in faɗa mata abin da na faɗa maka. Ita ma ta tashi tana zaton uwarta ce ta kasa.

Ka zage ni, ka faɗa wa duk wanda kake so, ka rubuto wa Amparo in ka ga dama. Amma fushin da ka yi shekara goma sha bakwai ba na Benilde ba ne, nawa ne. Ka maido mini da shi, ita ka ba ta layi biyun.

Ban san ko har yanzu ina da bakin cewa ka gaida Rosaura ba. Ka gaishe ta.

Sagrario

Valcerezo, 2 ga Nuwamba, 1970

Zuwa ga Eutimio,

Ina gaishe ka, ina fata kai da iyali kuna lafiya. Ba zan tsawaita ba, kuma ba amsa nake nema ba. Na ga ya kamata wani ya faɗa maka yadda aka yi, Nieves kuwa ba mai yawan rubutu ba ce.

Takardarka ta iso ranar ashirin da shida, da hatimi da komai. Ga Nieves ka aika, ka kuma rubuta a bayan ambulan kada a ba kowa sai ita hannu da hannu. Mai kawo wasiƙa ya faɗa mini yana mamaki, ya ce sai ka ce a garin nan ana cin takardu. Ka yi daidai.

Na je wurin Nieves kamar yadda na ce. Na same ta tana shanya. Na faɗa mata a tsaye, ban nemi kujera ba, ba ta ba ni ba. Ta goge hannu ta buɗe ambulan, ita ce ta fara buɗe shi tun da aka liƙe. Ta karanta sau biyu ta ce, "An karɓa ashe." Ta sake cewa, "An karɓi ƙarar Mama." Sannan ta dube ni ta ce, "Ke kika koya mini gasa burodi." Ta shiga ɗaki ta rufe. Mako uku in mun haɗu a hanya sai ta tsallaka. Amparo na faɗa mata ni da kaina. Tana ta kuka, har yanzu ba ta san yadda za ta dubi Nieves ba, alhali ita ba ta da laifi.

Ranar Alhamis aka ɗauke ta, da safe, ana yayyafi. Casilda ba ta zo ba, ta aiko cewa gwiwa. Fulgencio ya zo ya tsaya a ƙofar makabarta ya sha taba ɗaya ya tafi. Mutum huɗu suka sauko da akwatin daga bango suka kai gefen gabas. An kwantar da ita a gefen mahaifiyarku. Mai sassaƙa ya tambaya ko a ƙara "matar wane" a ƙarƙashin sunan kamar yadda aka saba, Nieves ta ce sunanta da na iyayenta sun isa, ta ce kuma a sa cewa yayanta da 'yarta ba su manta da ita ba. Ina fata ba ka ƙi ba. Ni a baya na tsaya, cikin matan gari, inda ya dace da ni.

Da aka watse ta biyo ta gabana. Na zaci za ta wuce. Ta tsaya, ba ta dube ni ba, ba ta ce Inna ba kamar yadda ta saba. Ta ce, "Dutsen ya yi gansakuka, ga Ranar Tsarkaka ta kusa, mutane za su zo ziyarar kaburbura. Gobe ki zo da bokiti da buroshi."

Na je tun kafin a buɗe ƙofa. Ta zo da farar ƙasa da furanni. Ta ɗauki gefen dama, na ɗauki na hagu, muka yi ta gurza har rana ta take. Da ruwanta ya ƙare ta miƙo mini bokitinta ba tare da ta juyo ba, na je famfo na ciko mata.

Allah ya saka maka da alheri, ya kiyaye ku a baƙuwar ƙasa. In ba ka rubuto ba, ba zan sake damunka ba.

'Yar ƙanwar mahaifiyarka,
Sagrario